Akses ko tirank: wace irin ƙofa ta dace da kowace na'ura a kan suwic

Wanda ya buɗe akwatin ƙarfen da ke manne a bangon biro, ya ga suwic, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin gini da juna, mai ƙofofi 24 fitilunsa suna ta ƙyaftawa, zai ɗauka ƙofofin nan duk ɗaya suke, tunda girmansu ɗaya kuma kebul iri ɗaya ne ke shiga kowacce. Haka abin yake a ranar da aka fito da suwic daga kwali, domin duk ƙofofinsa suna cikin gida ɗaya da ake kira VLAN 1. Amma da zarar mai gida ya ce ba ya son kwamfutocin ɗalibai su riƙa ganin ta ma'aji, ko kuma baƙin otel su riƙa laluɓo na'urar da ke ajiye hotunan kyamara, to dole a raba suwic ɗin gida-gida, kuma daga nan kowace ƙofa sai an yanke mata hukunci: akses za ta zama ko tirank. Ina wannan aiki a makarantu da shaguna da ƙananan asibitoci a nan Maraɗi, kuma mafi yawan gyaran da ake kirana a kansa a nan yake farawa.

VLAN dai hanya ce ta raba suwic ɗaya ya zama kamar suwic da yawa waɗanda babu kebul a tsakaninsu. Kwamfutar da ke VLAN 10 in ta yi shela tana neman adireshi, ko tana tambayar wa ke riƙe da adireshi kaza, ƴan VLAN 10 ne kawai za su ji. Kafin ta yi magana da wata ta VLAN 20, sai ta bi ta rauta, wato na'urar da ke haɗa hanyoyin sadarwa dabam-dabam, kuma a wurin rautar ne ake kafa dokar wanda zai wuce da wanda za a tsayar.

Ƙofar akses ta VLAN ɗaya ce tak. Na'urar da aka jona mata ba ta san da zancen VLAN ba, ba kuma a bukatar ta sani: tana aiko ƙunshin bayananta yadda ta saba, suwic ya karɓa ya lissafa shi cikin VLAN ɗin da aka ba ƙofar, in amsa ta zo ya miƙa mata ba tare da wata alama ba. Ƙofar tirank kuwa tana ɗaukar VLAN da yawa a kan kebul guda, saboda haka dole ta san ƙunshin wa ta ɗauko. Duk wanda ya tsaya a tasha ya ga yadda ake loda buhunan wake na mutum biyar a babbar mota ɗaya ya san dabarar, wato a rubuta sunan mai kaya a jikin kowane buhu, domin in an isa a san inda za a sauke. Buhun da ke cikin shagon mai shi ba ya bukatar suna, wanda ya hau motar haya ne ke bukata.

Wannan rubutu na jikin buhu shi ne tambarin 802.1Q, ƙa'idar da hukumar IEEE ta fitar a 1998. Tambarin bayit 4 ne, wato bit 32, ana cusa shi cikin ƙunshi daidai bayan adireshin MAC na mai aikowa, wato lambar shaidar na'urar da ta aiko shi. Bit 16 na farko suna ɗauke da lambar 0x8100, wadda ke shaida cewa akwai tambari. Bit 3 na nuna fifiko, domin a gabatar da murya a kan saukar da fayil. Bit 1 na nuna ko za a iya yar da ƙunshin in hanya ta cushe. Sauran bit 12 su ne lambar VLAN. Bit 12 suna ba da lambobi 4096, amma an keɓe 0 da 4095, don haka abin da ake iya aiki da shi daga 1 ne zuwa 4094. Saboda tambarin ne ƙunshi mafi girma ya tashi daga bayit 1518 zuwa 1522. A suwic na kamfanin Cisco an kuma riƙe 1002 zuwa 1005 don wasu tsofaffin fasahohi, kada ka wahalar da kanka wajen ƙoƙarin share su.

Tambayar da nake yi wa kaina a gaban kowace ƙofa ba ta sauya ba tun da na fara aikin nan: abin da ke ɗaya bakin kebul ɗin, yana iya karanta tambari, kuma da gaske yana bukatar VLAN fiye da ɗaya? In ɗaya daga cikin biyun ya zama a'a, ƙofar akses ce. Kwamfutar sakatariya, firinta, kyamara, na'urar da ke ajiye hotuna, na'urar ɗaukar yatsa ta bakin ƙofa, talabijin ɗin ɗakin jira, duk akses. Su ne mafi yawa a kowane gini, shi ya sa a suwic mai ƙofa 24 sau da yawa 20 ko fiye akses ne. A Cisco umarnin gajere ne:

interface FastEthernet0/5
switchport mode access
switchport access vlan 10
spanning-tree portfast
spanning-tree bpduguard enable

Layi biyu na ƙarshe suna da amfanin da ake gani da ido. A tsohon tsarin hana zagaye, wato spanning-tree, wanda ke hana bayanai yin ta kewayawa tsakanin suwic, ƙofa takan yi daƙiƙa 30 tana sauraro da koyo kafin ta fara wucar da komai, kuma a wannan tsakanin kwamfutar da aka kunna takan gaji da jiran adireshi. Layin portfast yana cire wannan jira, na bpduguard kuma yana rufe ƙofar in wani ya jona mata suwic mai aiko da saƙonnin hana zagaye ba da sanin mai kula ba.

Tirank kuwa wurarenta sanannu ne. Na farko shi ne kebul ɗin da ke tsakanin suwic biyu. A ɗauki makaranta mai gini biyu, ofisoshin hukuma a gaba, ajujuwa da ɗakin kwamfuta a baya, kuma a kowane gini akwai kwamfutocin malamai da kyamarori da Wi-Fi. In aka ce da ƙofofin akses za a haɗa su, VLAN uku na nufin kebul uku a haƙa a binne a tsakar gida, ƙofofi shida su tafi, kuma ranar da aka ƙara VLAN na huɗu sai an sake kiran mai haƙa. Da tirank kebul ɗaya ya wadatar. Na biyu shi ne kebul ɗin da ke zuwa rauta, idan rautar ce za ta raba adireshi ta kuma tsare iyaka tsakanin VLAN: ana yanka ƙofarta ɗaya zuwa ƙananan ƙofofi na cikin tsari, kowacce da lambarta, kamar encapsulation dot1Q 10 ga VLAN 10. Na uku shi ne na'urar Wi-Fi ta rufi wadda ke watsa suna biyu, ɗaya na ma'aikata ɗaya na baƙi. Na huɗu shi ne sabar da ke ɗauke da kwamfutocin cikin kwamfuta, irin ta Proxmox ko VMware, inda kowacce ke da gidan da take.

interface GigabitEthernet0/1
switchport trunk encapsulation dot1q
switchport mode trunk
switchport trunk allowed vlan 10,20,30,99
switchport trunk native vlan 999
switchport nonegotiate

Layi na biyu yana rikita masu koyo. Cisco tana da tsohuwar hanyarta ta kanta mai suna ISL, wadda ke nannaɗe ƙunshin gaba ɗaya da ƙarin bayit 30, kuma suwic irin 3560 da 3750 sun san hanyoyin biyu, don haka ba za su karɓi umarnin tirank ba sai ka fara faɗa musu wadda kake so. Shi 2960 bai san ISL ba sam, saboda haka layin ba ya nan, in ka rubuta shi zai ƙi karɓa, kuma wannan ba lalacewa ba ce. Tunda yawancin kayan da ke zuwa hannunmu na gwanjo ne, waɗanda suka yi aiki a wani wuri kafin su biyo ta Kano da Katsina su iso nan, za ka ci karo da iri biyun.

Akwai masu cewa a mai da komai tirank a huta, tunda tirank tana wucar da komai. Na fahimci abin da ke jawo wannan magana, domin in ka jona kwamfuta a ƙofar tirank sau da yawa za ta samu intanet, mai gida ya gani ya biya. Abin da ya faru shi ne kwamfutar ta aiko ƙunshi marar tambari, suwic ya jefa shi cikin VLAN ɗan gida, wanda ake rubutawa native a umarni, wato VLAN ɗaya tilo da ke bin tirank ba tambari, kuma in ba a sauya ba VLAN 1 ne. Ke nan kwamfutar ba ta shiga gidan da aka nufa da ita ba, kuma shelar duk sauran VLAN tana isowa bakin kebul ɗinta. Abin da ya fi wannan muni shi ne, ɗalibi mai wayo da ya zo da kwamfutarsa mai Linux yana iya buɗe ƙofa mai tambarin 10 da umarni ɗaya, ya tsinci kansa a gida ɗaya da kwamfutar ma'aji. An kashe kuɗi an sayi suwic mai tsari don a gina katanga, sannan an bar ta a buɗe a kowane ɗaki. A ganina wannan ha'inci ne ga wanda ya ba da aikin, ko da ba da niyya aka yi ba.

Barin ƙofa yadda ta zo ma bai kuɓutar ba. Suwic na Cisco suna da wata yarjejeniya mai suna DTP, wadda ƙofofi biyu ke shawartawa a tsakaninsu ko su zama tirank. A 2960 ƙofa tana zuwa a yanayin dynamic auto, wato ba ta neman tirank amma in aka nema za ta amince. A tsofaffi irin 2950 da 3550 tana zuwa a dynamic desirable, ita ce ma ke nema. Sakamakon haka iri biyu ne, duka marasa daɗi. In ka haɗa 2960 biyu ba ka taɓa komai ba, kowanne yana jiran ɗan'uwansa, kebul ɗin ya tsaya a akses, VLAN 1 kaɗai ke wucewa. In kuma wani ya jona na'urar da ke kwaikwayon suwic a ƙofar ɗakin baƙi, ƙofar za ta zama masa tirank da kanta. Maganin duka biyun shi ne a rubuta yanayin kowace ƙofa da hannu, a kashe shawarar a kan tirank da switchport nonegotiate, ƙofofin da ba kowa a kai kuma a sa su wani VLAN da ba a aiki da shi a rufe.

Zancen VLAN ɗan gida ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne kuskuren da ba ya ihu. In suwic na gaba ya ɗauki 1 a matsayin ɗan gida, na baya kuma ya ɗauki 20, duk ƙunshin da ya fita ba tambari daga VLAN 1 zai sauka cikin VLAN 20, kamar buhun da ba suna wanda direba ya sauke a shagon da ya saba. Tsakanin Cisco da Cisco, CDP, wato hanyar da na'urorin Cisco ke gabatar da kansu ga juna, yakan rubuta gargaɗi a allo cewa lambobin ba su dace ba, amma tsakanin Cisco da wani kamfani galibi ba wanda zai gaya maka, sai dai ka ga kwamfutar malami ta samu adireshin ɗalibai. Akwai kuma dabarar tambari biyu, inda mai kutse da ke zaune cikin VLAN ɗan gida yake liƙa tambari biyu, suwic na farko ya cire na waje, na biyu ya karanta na ciki ya kai ƙunshin inda bai kamata ba. Shi ya sa na sa 999 a misalin sama: lamba ce da ba na ba kowace na'ura, iri ɗaya a bakin kebul biyu. Inda nake saɓa wa wannan shi ne na'urar Wi-Fi irin ta UniFi, wadda ke neman adireshin kanta ba tambari. A nan ɗan gidan ƙofar shi ne VLAN ɗin kula da na'urori, sunayen Wi-Fi kuma su bi da tambari.

Jerin VLAN da aka yarje wa tirank shi ne wurin da na taɓa ƙona hannu. Tirank ta Cisco tana zuwa a buɗe ga dukkan lambobi, kuma daidai ne a taƙaita ta ga waɗanda ake bukata a can. Wata rana a watan Afrilu, a wata makaranta mai zaman kanta, ina zaune a biron gaba ina shiga suwic na ginin baya ta hanyar sadarwar kanta, aka ce a ƙara VLAN 40 don sababbin kyamarori. Na rubuta switchport trunk allowed vlan 40, na danna. Allon ya tsaya cik. Umarnin ba ƙari yake yi ba, yana share tsohon jeri ne ya ajiye sabo, don haka 10 da 20 da 30 da 99 duk sun faɗi, har da hanyar da nake bi ina ba da umarnin. Ba a yi minti biyu ba malamin ɗakin kwamfuta ya leƙo, gumi na zuba, ya ce, "Malam, lafiya dai? Yara talatin na zaune, komai ya tsaya." Na ce masa, "Ka yi haƙuri, Malam, daga wurina ne, yanzu zan gyara." Na ratsa tsakar makarantar da rana tsaka, na cire wa suwic ɗin wuta na mayar, ya tashi da tsohon tsarinsa saboda ban riga na adana ba. Kalmar da na bari ita ce add: switchport trunk allowed vlan add 40. Tun daga ranar, kafin in taɓa tirank daga nesa sai na rubuta reload in 10, domin in na yanke wa kaina hanya suwic ya sake tashi da kansa bayan minti goma, in kuma komai ya tafi daidai in soke da reload cancel.

Abin da ya cece ni a ranar shi ne abin da ke kayar da wasu. Tsarin da ba a adana ba yana tafiya da ɗaukewar kuran, kuma a garin nan ba sai an yi wa kowa bayanin hakan ba, musamman a lokacin zafi. In ka gama, ka gwada, ka tabbatar, sai ka rubuta copy running-config startup-config kafin ka naɗe kebul ɗinka. Suwic na gwanjo kuma yana da nasa tarkon: jerin VLAN yana zaune a wani fayil dabam mai suna vlan.dat, wanda share tsari ba ya taɓawa, kuma in tsohon mai shi yana aiki da VTP, wato hanyar da suwic na Cisco ke kwafar jerin VLAN daga wanda lambar bitarsa ta fi girma, suwic ɗin na iya shigowa da lambar bita mafi girma ya shafe VLAN na sauran idan sunan yankinsu ya zo ɗaya. Ina share fayil ɗin, in sa vtp mode transparent, kafin in bar shi ya ga sauran.

Akwai na'urori biyu da ke tsakiya. Tarhon ofis mai bin intanet yana da ƙofa a bayansa inda ake jona kwamfuta, ke nan VLAN biyu a kebul ɗaya. Ba na ba shi cikakkiyar tirank. Ƙofar akses ce da ƙarin layin switchport voice vlan 30, tarhon ya koyi lambarsa ta CDP ko takwararta LLDP ya riƙa liƙa wa muryarsa tambari, kwamfutar ta wuce ba tambari. Ɗayar ita ce ƙaramin suwic marar tsari mai ƙofa biyar ko takwas, wanda ake saye a kasuwa don ƙara wurin jonawa a ɗaki. Wannan bai san VLAN ba, saboda haka akses za a ba shi, kuma duk abin da aka jona masa ɗan gida ɗaya ne. Wanda ke son kyamara da kwamfutar ma'aji su rabu a wancan ɗakin, sai ya sayi mai tsari ko ya ja kebul na biyu.

Ba kullum tirank ke cin nasara tsakanin gini biyu ba. Idan a ginin baya kyamarori ne kaɗai, ko ɗakin kwamfuta ne kaɗai, haɗi da ƙofar akses ya fi sauƙi, kuma wanda zai gaje ka a aikin zai gane shi da kallo ɗaya. Sannan a tuna cewa tirank ba ta ƙara faɗin hanya, raba ta take yi. Suwic irin 2960-24TT yana da ƙofofi 24 masu megabit 100 da biyu masu gigabit. Waɗannan biyun su ne na tirank, domin in ka ɗora hotunan kyamarori da Wi-Fi da ɗakin kwamfuta a kan megabit 100, kowa zai koka. Kebul na tagulla kuma iyakarsa mita 100, in tazarar ta wuce haka sai zaren gilashi.

Sauran abin lura shi ne ba kowane kamfani ke kiran abubuwan nan da suna ɗaya ba. Huawei tana kusa da Cisco, da port link-type access da port default vlan, ko port link-type trunk da port trunk allow-pass vlan, sai dai tirank ɗinta VLAN 1 kaɗai take wucarwa har sai ka ƙara, ga kuma nau'i na uku mai suna hybrid. A suwic na HP irin ProCurve, kalmar trunk tana nufin ɗaure kebul biyu ko fiye su zama hanya ɗaya, abin da ba shi da alaƙa da VLAN. A can sai dai ka ce ƙofa kaza tagged ce ko untagged a VLAN kaza. Ƙananan suwic na TP-Link da Netgear su ma haka suke, amma sun raba aikin shafi biyu: ɗaya na yadda ƙunshi zai fita, ɗaya na PVID, wato gidan da za a jefa ƙunshin da ya shigo ba tambari. Ƙofar akses ta VLAN 20 tana bukatar untagged a 20, da PVID 20, da cire ta daga VLAN 1, kuma wanda ya manta shafi na biyu zai ga fitila tana ci amma adireshi ya ƙi zuwa. A MikroTik, duk abin da ka rubuta a teburin VLAN na gada, wato bridge da ke haɗa ƙofofin, ba ya aiki sai ka kunna vlan-filtering, kuma wannan shi ne mataki na ƙarshe, a cikin Safe Mode, bayan ka tabbatar gadar kanta tana cikin VLAN ɗin da kake shiga ta kansa.

In aiki ya ƙi bayan duk wannan, umarni biyu nake fara bugawa. Show vlan brief yana nuna ƙofofin akses da gidajensu, kuma ƙofar tirank ba ta bayyana a ciki, wanda ba laifi ba ne. Show interfaces trunk yana nuna ɗan gida, da jerin da aka yarje, da waɗanda suke wucewa a zahiri. In lamba tana cikin jerin da aka yarje amma babu ita cikin masu wucewa, yawanci ba a ƙirƙiri VLAN ɗin a wannan suwic ba, domin umarnin akses yana ƙirƙiro shi da kansa amma jerin tirank ba ya yi, kuma suwic na tsakiya da bai san VLAN 40 ba zai yar da duk ƙunshin da ya zo masa da wannan lamba, ko da na gaba da na baya sun san shi.